Filin Manoma: Kada Ribar Gyaɗa Ta Bar Gari

Jama'a, wannan mako za mu yi magana a kan ƙananan sana'o'in da ke biye da noma, za mu kuwa ɗauki misali da gyaɗa a ƙasar Fakku.

Kowace kaka abu ɗaya mu ke gani. Manomi ya cire gyaɗa, bukata ta taso, ya kai ta kasuwa da ɓawonta sa'ad da kowa ke kaiwa, ya sayar da araha. 'Yan kasuwa su loda ta a mota, su nufi Tambuwal ko Jega. Da damina ta faɗi, sai wannan manomi ya koma sayen iri da man gyaɗa da tsada, wani lokaci ma da bashi. Shi ya sha rana, riba kuwa ta tafi wani gari.

Wannan ba sabon abu ba ne. Tun da aka buɗe hanyar jirgin ƙasa zuwa Kano a 1912, gyaɗar Arewa ta riƙa tafiya Turai ɗanya, har aka yi dalar gyaɗa. A 1975 ciwon kuturta, wanda darɓa ke yaɗawa, ya lalata gonaki, a 1986 kuma gwamnati ta rushe hukumomin sayen amfanin gona. Yanzu kasuwar gyaɗa ta cikin gida ce, mai matse mai da mai suyar ƙuli-ƙuli su ne manyan masu saye.

Kada wani ya raina su. Ƙidayar da hukumar SMEDAN ta yi tare da ofishin ƙididdiga na ƙasa a 2017 ta sami sana'o'i ƙanana da matsakaita miliyan 41 da rabi a Nijeriya, kusan dukansu na mutum ɗaya ne ko 'yan kaɗan, suna kuwa samar da wajen rabin arzikin ƙasa.

To, ku dubi buhu ɗaya na gyaɗa. Fiye da rubu'in nauyinsa ɓawo ne. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 kuɗin mota ya hau, don haka wanda ya kai gyaɗa kasuwa ba a ɓare ba, ya biya wa ɓawo kuɗin mota ke nan. In an ɓare ta a gida, kusan rabin nauyin ƙwayar mai ne, ko da ya ke matsar hannu ba ta fitar da shi duka. Mata su soya, mai inji ya niƙa, a matse mai, tunkuza ta zama ƙuli-ƙuli, harawa kuma ta turke rago. Watau buhu ɗaya ya ba mai inji aiki, da mai gyaran inji, da mai itace, da mai kai mai kasuwa, kuɗin duka yana zagayawa cikin gari.

Amma fa sana'a da yawa kan mutu tun ba ta shekara ba. Ga abubuwa huɗu da za a kiyaye.

Na ɗaya, kaya masu kyau. A shanya gyaɗa ta bushe sarai kafin a zuba a buhu, a ɗora buhunan bisa katako, kada su taɓa ƙasa. Wadda ta yi fumfuna a tsince ta a zubar, kada a ba ko dabba, gama tana da dafi mai lalata hanta. Wajen iri, a nemi SAMNUT 24, wadda cibiyar binciken noma ta Samaru ta fitar a 2011. Tana nuna da wuri, tana jure kuturta, ga yawan mai.

Na biyu, a raba uwar kuɗi da riba. Kuɗin da aka sayi gyaɗa da shi ba na cefane ba ne, ba kuma na biki ba. Mai gida, jarin matarka ba aljihunka ba ne. In ka ranta, ka biya.

Na uku, a rubuta. A sami ɗan littafi, a sa abin da aka saya, da ladan niƙa, da itace, da abin da aka sayar, da boko ko da ajami. Wanda bai iya ba, ɗansa ɗan makaranta ya rubuta masa. Ku malaman ofis, nan ne za ku taimaki 'yan'uwanku, don banki ba ya ba da rance sai ya ga lissafi.

Na huɗu, a haɗa kai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya, kamar injin ɓarar gyaɗa, mutum goma za su iya sayensa da adashi. Sai dai a zaɓi ma'aji mai amana, a riƙa karanta lissafi gaban kowa.

Saboda haka bana, kafin ka ɗaure bakin buhu, ware na iri, ware na matsa a gida, sa'an nan ka sayar da saura.

Mako mai zuwa, in Allah ya yarda, za mu yi bayanin ajiyar wake ba tare da magani ba.