Ficewar Ƙwararrun Nas-nas: Wa Ke Ɗaukar Asarar a Old Fadama da Nima?

Mu da ke aikin jinya a Akra mun saba da wata hira a lokacin miƙa aiki tsakanin masu dare da masu safe: wance ta ci jarrabawar Turanci, wane takardunsa sun fito, wata kuma ƙarshen wata za ta ajiye aiki. A shekarar 2022 kaɗai, nas-nas 'yan Ghana sama da 1,200 ne suka shiga rajistar hukumar ma'aikatan jinya ta Birtaniya, ƙungiyarmu ta nas-nas da ungozomomi, GRNMA, kuwa ta ce kusan 4,000 ne suka bar ƙasar a wannan shekarar idan aka haɗa da masu zuwa Amurka da Kanada da sauran wurare. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A watan Disamban 2022 hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin 100, sidi ya riga ya zube a shekarar, albashin wata ya daina kai mutum tsakiyar wata. Abin da nake so mutanenmu na zango su gane shi ne, a wannan ficewar gogaggun hannaye ne ke tafiya, kuma talakan da ba shi da wata mafita sai asibitin gwamnati shi ne farkon wanda asarar ke faɗo wa.

A duba Old Fadama, a bakin tafkin Korle inda kogin Odaw ke zubar da dattin gari. Ƙidayar da mazauna unguwar suka yi a 2009 ta nuna mutum kusan 80,000, yawancinsu 'yan arewa, wasu tun rikicin Konkomba da Nanumba na 1994 suka zo. Ɗakunan katako ne a cunkushe, banɗaki da wurin wanka na kuɗi ne, ga 'yan mata masu dakon kaya a kasuwar Agbogbloshie suna kwana da yawa a ɗaki guda. Lokacin da kwalara ta ɓarke a 2014, mutum kusan 29,000 suka kamu a faɗin ƙasar, sama da 240 suka rasu, kuma unguwannin Akra masu cunkoso ne suka fi jin jiki. Wanda ciwo ya kayar a nan, sai a nufi asibitin Ussher ko na Kaneshie, yaro a kai shi Princess Marie Louise, in abu ya yi tsanani a wuce Korle Bu. Na Nima kuma ya nufi asibitin Maamobi. A irin waɗannan wurare ne ake ganin amfanin daɗewa a aiki. Yaron da gudawa ta tsotse, ido ya faɗa, jijiya ta ɓace, nas ɗin da ta shekara goma a ɗakin yara takan samo jijiyar a sukar farko, ruwa ya fara shiga kafin uwar ta gama bayani. Mai ciki ta zo awo ƙafa a kumbure, ta ce kanta na sara, tsohuwar ungozoma ba ta bari ta koma layi, nan take za ta auna jininta don ta san jijjiga na iya biyo baya. In kuma ungozomar na jin Hausa ko Dagbanci, mai dakon da ba ta jin Turanci ko Twi za ta faɗi abin da ke damunta ba tare da kunya ba. Wannan ilimi a bakin gadon majinyaci ake samunsa, daga babba zuwa ƙarami.

Akwai masu cewa ai ba abin damuwa ba ne, tunda ga dubban nas-nas sun gama makaranta suna zaune a gida. Gaskiya ne suna zaune, wasu shekara da shekaru, suna jiran Ma'aikatar Kuɗi ta amince a ɗauke su aiki. Sai dai asibitocin Ingila da Amurka ba sabon hannu suka fi nema ba. Masu aikin ɗakin kula da waɗanda ke tsakanin rai da mutuwa, da na ɗakin tiyata, da na jarirai bakwaini, su ne kasuwarsu ke ci. A 2023 shugabar ma'aikatan jinya ta asibitin Ridge ta shaida wa BBC cewa ɗakinsu na kulawa ta musamman shi kaɗai ya rasa nas 20 cikin wata shida. Ko gobe aka ɗauki sababbi 20, wa zai koya musu? Kafin mutum ya zama ƙwararre a irin wannan ɗaki sai ya yi shekaru yana aiki, ya koma karatu, ya dawo ya ƙara gogewa. Idan babba ta tafi, har da malamar masu tasowa aka rasa, waɗanda suka rage kuma aiki ya ninka a kansu, gajiya ta sa su ma su fara neman takardu.

Wasu kuma su ce ai kuɗi na shigowa. Wannan ma gaskiya ne, Bankin Duniya na ƙiyasta abin da 'yan Ghana mazauna waje ke aikowa ya haura dala biliyan 4 a shekara, kuma duk wanda ya san Nima ya san gidajen da kuɗin Landan da New York da Hamburg suka gina, da tsofaffin da suka sauke farali da shi. Amma a lura da inda kuɗin ke fita da inda yake shiga. Makarantun jinya na gwamnati da harajin kowa ake tafiyar da su, har da alawus ɗin ɗalibai da aka maido a 2017. Mai sayar da koko da mai dako su ma suna biya, ta harajin da ke kan kayan masarufi. Abin da aka aiko kuwa gida ɗaya yake shiga, kuma sau da yawa shi ne ke ba mutanen gidan damar zuwa asibitin kuɗi, su bar maƙwabta a layin gwamnati. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

To a hana su fita mana? Ban yarda da wannan ba, kuma bai kamata ɗan zango ya yarda ba, mu da kakanninmu fataucin goro ya kawo su Salaga da Kumasi har suka gangaro bakin teku. Neman halal a ƙasar wani ba laifi ba ne. Riƙe takardun mutum ko tsawwala masa tara sai dai ya sa ya sulale ba sallama, ya yanke niyyar dawowa. Tarihin likitocinmu ya nuna wata hanyar. Bincike ya gano kusan kashi 60 cikin 100 na likitocin da Jami'ar Ghana ta yaye tsakanin 1985 da 1994 sun bar ƙasar, da yawa don neman ƙwarewa da babu wurin samunta a gida. Da aka kafa Kwalejin Ƙwararrun Likitoci ta Ghana a 2003, likita ya samu damar zama ƙwararre yana Korle Bu ko Komfo Anokye, ficewar ta lafa. Nas ma haka take: albashi a kan lokaci, ƙarin girma ba jinkiri, hutun ƙaro karatu, da kayan aiki a hannu. Yajin aikin da nas-nas suka yi a watan Yunin 2025 a kan yarjejeniyar da aka sa wa hannu ba a aiwatar ba ne. Ga kuma alkawarin Abuja na 2001, na ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafi, wanda a shekarun nan kason da ake warewa ke ƙasa da shi sosai.

Ƙasashen da ke kwasa su ma da nasu alhakin. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar ɗaukar ma'aikatan lafiya daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma jerin da ta sabunta a 2023 na ƙasashe 55 masu ƙarancin ma'aikata ya ƙunshi Ghana da Najeriya da Nijar. Birtaniya ta hana kamfanoni zuwa farautar nas-nas a waɗannan ƙasashe, amma ta bar wa mutum damar neman aiki da kansa, wanda a zamanin WhatsApp kusan duk ɗaya ne. Yarjejeniya tsakanin gwamnatoci ta fi, irin wadda ta kai nas 95 Barbados a 2020, muddin akwai wa'adi da hanyar dawowa da kuɗin horar da wasu. Fam 1,000 a kan kowace nas da ministan lafiya na lokacin, Kwaku Agyeman-Manu, ya ambata a 2022 cewa Birtaniya za ta biya Ghana kuwa, a ganina bai kama ƙafar abin da aka kashe kafin ta ƙware ba.

Saboda haka, iyayenmu limamai da sarakunan zango da shugabannin mata, idan ɗan majalisar Odododiodio ko na Ayawaso ta Gabas ko ta Arewa ya zo gaisuwa, ku tambaye shi ƙwararrun nas nawa suka rage a asibitin da matanmu ke haihuwa, kuma yaushe za a ɗauki masu zaman jira. Yarinyar da ke son karatun jinya a tallafa mata, ko da wata rana za ta fita, domin muna bukatar masu jin harshenmu a bakin gado. Mai ciki ta fara awo da wuri, a sabunta katin inshorar lafiya ta *929# tun kafin ciwo ya zo. In kuma kun tarar da layi ya yi tsawo, nas ɗaya na ta kai-kawo, ku yi mata uzuri, ku kai kokenku wurin masu tsara kasafi.