DARASI A KAN ƘARFEN DA KE FAƊOWA DAGA SAMA

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ɗan'uwa Musulmi, ka sani cikin duwatsun da ke faɗowa daga sama akwai waɗanda ƙarfe ne haɗe da nikel. Mafi girmansu da aka sani shi ne na Hoba a Namibiya, wanda aka gano a 1920, nauyinsa kamar tan 60. A nan Nijeriya ma wani ya faɗo a Udei, kusa da Makurɗi, a 1927.

To, ina asalinsa? Masana sun bayyana cewa shekaru fiye da miliyan 4,500 da suka wuce, akwai manyan dunƙulen duwatsu da ke kewaya rana. Zafi ya narkar da cikinsu, sai ƙarfe, da yake ya fi nauyi, ya nitse ya taru a tsakiya, kamar yadda yake rabuwa da datti idan an narkar da tama. Daga baya dunƙulen suka yi karo da juna, suka farfashe. Gutsuren cikin nan ne yake iso mana.

Shaidar haka tana jikin ƙarfen. Idan aka yanka shi, aka goge, aka zuba masa ruwan asid, a mafi yawansu sai ka ga zane ya fito, layi ya gitta layi kamar saƙar tabarma. Ƙarfe iri biyu ne suka saƙu, ɗaya mai ƙarancin nikel, ɗaya mai yawansa. Ana kiran zanen da sunan Widmanstätten, wanda ya lura da shi a Biyana a 1808. Saƙar ba ta samuwa sai ƙarfen ya huce sannu sannu; a wasu, abin da zafin ke raguwa cikin shekara miliyan ɗaya bai kai digiri 100 ba. Wane maƙeri ne zai jira wannan?

Allah Ya ambaci saukar da ƙarfe a Suratul Hadid, aya ta 25. Amma kada ka yi gaggawar cewa wannan dutse kaɗai ake nufi, domin wasu malaman tafsiri sun fassara saukarwar da halittawa. Mu tsaya inda magabata suka tsaya.

Abin tsoro shi ne camfi. Wani in ya ga tauraro ya yanko sai ya ce babban mutum zai mutu. Ai Muslim ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya rushe wannan zance na jahiliyya, ya nuna ba a jefa su don mutuwar kowa ko haihuwarsa. Wani kuwa boka ne zai sayar masa da "gatarin aradu" ko guntun ƙarfe, wai daga sama ya zo, a ɗinke a laya don tsari. Subhanallahi! Ko da na gaskiyar ne, abin da bai kare kansa daga farfashewa ba, yaya zai kare ka? Rataya zuciya gare shi ƙofar shirka ce, ga asarar kuɗi, ga asarar imani.

Saboda haka in ka ji labarinsa, yi tasbihi ga Wanda Ya ƙaga shi, ka koyar da iyalinka haka. Allah Ya tsare mu da shirka da bidi'a, amin. Wassalamu alaikum.