Amsar Tambaya: Cire Famfon Iskar Salansa da ya Cije

Tambaya daga Danja: Ta yaya mai tsohuwar mota zai cire famfon iskar salansa da ya cije, ba tare da zuwa gareji ba?

Amsa: Wannan famfo, wanda aka fara sanya wa motoci a Amurka a 1966, aikinsa tura iska cikin bututun hayaƙi domin ragowar fetur ya ƙarasa ƙonewa, kuma yakan cije idan ƙurar hunturu ta cinye boris ɗinsa, ko kuma bawul ɗin da ke hana hayaƙi komowa ya lalace har danshi ya shiga ya yi tsatsa.

Mai motar zai bari injin ya huce, ya cire wayar batir, sannan ya jiƙa notunan famfon da kananzir su kwana, domin notin da aka tilasta wa sifana yakan karye. Daga nan sai ya sassauta fambel, ya zare tiyo, ya kwance notunan, ya fitar da famfon.

Wajibi ne ya duba ko fambel ɗin nan ne ke juya altaneta ko famfon ruwa, domin idan haka ne sai an sa gajere, in ba haka ba batir zai mutu ko injin ya yi zafi. Haka kuma dole a yi amfani da ƙarfe wajen toshe bututun da aka bari a buɗe, saboda roba narkewa take yi. Mafi dacewa shi ne a nemo madadin famfon a Funtua ko kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano, tunda barin motar babu famfon yana ƙara gubar hayaƙi.