WANKA A KUDUDDUFI

A ƙasar Gwarzo da Kabo babu teku, amma akwai rafuffuka da kududdufai, da madatsun ruwa irin su Guzuguzu da Magaga. In zafi ya yi, yara sukan tafi can su yi iyo. Iyo abu ne mai daɗi, amma ba kowane ruwa ne na shiga ba.

A cikin ruwa akwai waɗansu halittu ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya iya gani. A shekarar 1674 wani mutumin ƙasar Holan, mai suna Leeuwenhoek, ya duba ruwan tafki da madubi mai ƙara girman abu, ya ga suna ta motsi a ciki. Da yawansu ba su cutarwa, amma waɗansu ƙwayoyin cuta ne.

Iri na farko shi ne bakteriya. Su ke kawo kwalara, watau amai da gudawa, da zazzaɓin taifot. Iri na biyu shi ne bairas, wanda ya fi bakteriya ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Daga cikinsu akwai mai kawo shawara, da mai kawo shan-inna.

To, yaya suke shiga ruwa? In marar lafiya ya yi bayan gida a bakin rafi, sai ruwan sama ya kwashe ƙazantar ya zuba a ciki. Yaro ya zo iyo, ya kurɓi ruwan, shi ke nan cuta ta shiga cikinsa. Ko a bakin teku, kamar Legas, haka abin yake in ruwan kwata ya gangara wurin wanka.

Akwai kuma tsargiya, mai sa fitsarin jini. Ita tsutsa ce da ke fitowa daga jikin dodon-koɗi, ta huda fatar mai wanka.

Saboda haka, yara, kada ku yi bayan gida ko fitsari kusa da ruwa, ku shiga masai. Ku guji wanka a kududdufi. Ruwan sha a tafasa shi. Wanda ya ga jini a fitsarinsa ya gaya wa iyayensa, a kai shi asibiti. Rigakafi ya fi magani.

TAMBAYOYI

1. Faɗi cuta biyu da bakteriya ke kawowa.
2. Yaya ƙwayoyin cuta ke shiga rafi?
3. Mene ne alamar tsargiya?