Disleksiya a Zauren Jarrabawa: Darasi Daga Birtaniya

Gabatarwa

A shekarar 1896 wani likita a ƙasar Ingila mai suna Pringle Morgan ya buga labarin wani yaro ɗan shekara 14 a mujallar likitocin Birtaniya. Yaron yana da kaifin basira, idanunsa lafiya lau, lissafi kuma bai dame shi ba, amma karatu ya gagare shi, har sunansa ma yakan rubuta a birkice. Malaminsa ya shaida cewa da da baki ake koyar da komai, da babu wanda zai sha gabansa a makarantar. Wannan lalura ita ake kira disleksiya, sunan da ya samo asali daga wani likitan ido Bajamushe, Rudolf Berlin, wanda ya yi rubutu a kanta a 1887. A wannan darasi za mu duba yadda ake tallafa wa irin waɗannan ɗalibai lokacin jarrabawa a Birtaniya, da kuma hikimar yin haka.

Mece ce Disleksiya?

Idan mai karatu ya ga kalmar "gida", ƙwaƙwalwarsa takan haɗa kowane harafi da sautinsa, sa'an nan ta harhaɗa sautukan su zama kalma, duk cikin ƙiftawa da bismilla. A wurin mai disleksiya wannan haɗi ne yake tafiyar hawainiya, shi ya sa karatunsa kan yi nauyi, harhaɗa baƙaƙe kuma ya zame masa aiki. Ba daƙiƙanci ba ne, ba kuma lalaci ba ne, sau da yawa ma gadonta ake yi. Ƙungiyar Disleksiya ta Birtaniya, wadda aka kafa a 1972, ta ƙiyasta cewa mutum 1 cikin 10 a ƙasar yana da ita.

Tsarin rubutun harshe ma yana da nasa tasiri. Wani bincike da aka buga a 2001 ya nuna cewa masu disleksiya Ingilawa da Faransawa da Italiyawa alama iri ɗaya ce take bayyana a ƙwaƙwalwarsu, amma Italiyawa sun fi sauran iya karatu, domin rubutunsu yana bin furuci sau da ƙafa, saɓanin Ingilishi inda harafi ɗaya kan ɗauki sautuka da dama.

Tanade-tanaden Jarrabawa

Dokar Daidaito ta 2010 ta wajabta wa makarantu da hukumomin jarrabawa na Birtaniya su yi gyaran da hankali zai ɗauka domin kada a tauye mai lalura. Majalisar JCQ, wadda ta haɗa manyan hukumomin jarrabawar sakandare, ita take fitar da ƙa'idojin kowace shekara. Ga muhimman tanade-tanaden:

1. Ƙarin lokaci. Yawanci kashi 25 cikin 100 ake ƙarawa, wato takarda mai awa 2 ta koma awa 2 da minti 30.

2. Mai karanta tambayoyi. Mutum ne ko kwamfuta. Aikinsa ya karanta abin da yake rubuce kawai. Ba zai fassara kalma ba, balle ya yi bayani.

3. Marubuci. Ɗalibi ya riƙa faɗa, shi kuma ya rubuta ba ƙari ba ragi.

4. Kwamfutar rubutu. Galibi ana kashe manhajar da take gyara kuskuren rubutu kafin a ba ɗalibi.

5. Hutu ƙarƙashin kulawa. Akan tsayar da agogo, ɗalibi ya sarara, sa'an nan ya ci gaba.

Wa Ya Cancanta?

Ba a bayar da ƙarin lokaci don ɗalibi ya roƙa. Sai ƙwararre ya gwada saurin karatunsa da rubutunsa da yadda yake sarrafa bayani, a ma'aunin da 100 ne matsakaicinsa; maki 84 zuwa ƙasa shi ake ɗauka ya gaza matsakaici. Bugu da ƙari, dole tallafin ya zama yadda ɗalibin ya saba aiki a aji tun da farko, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda bai taɓa yi wa marubuci shifta ba, in aka zaunar masa da shi ran jarrabawa, ruɗewa zai yi.

Alfarma ce ko Adalci?

Wani zai ce ai wannan fifita wasu ne a kan wasu. Amsa ita ce, jarrabawa mudu ce, kuma wajibi ne a san abin da ake aunawa da ita. Jarrabawar ilimin sinadarai fahimtar sinadarai take nema, ba saurin karanta tambaya ba. Ɗalibin da ya san amsa amma lokaci ya ƙare masa yana fama da baƙaƙe, ba iliminsa aka auna ba, lalurarsa aka auna.

Hujjar da za ta tabbatar da haka ita ce iyakar da aka yi wa tallafin. A sashen jarrabawar harshen Ingilishi inda karatun kansa ake gwadawa, ba a yarda mutum ya karanta wa ɗalibi ba. Haka nan wanda ya yi amfani da marubuci ba ya samun makin harhaɗa baƙaƙe sai in shi ya faɗi haruffan da bakinsa. Ke nan tambayoyi ba su canja ba, makin cin jarrabawa ma bai sauka ba. Shinge kawai aka kawar, kamar yadda tabarau ba ya karanta wa mai shi komai, gani kawai yake gyara masa.

Kammalawa

Wannan batu ya shafe mu kai tsaye, tun da ɗalibanmu a Nijeriya da Ingilishi suke rubuta mafi yawan jarrabawarsu, harshen da yake wahalar da mai disleksiya, ga shi kuma ba da shi suka tashi ba. Saboda haka, malamin da ya ga ɗalibi yana amsa tambaya da baki tiryan-tiryan amma takardarsa ta fito a hargitse, kada ya yi hanzarin yanke masa hukuncin lalaci. Ya gwada ba shi ƙarin minti 15 a gwajin awa 1, ko ya karanta masa tambayoyin, sa'an nan ya kwatanta sakamakon da na baya.