Ƙofar Sodiyam da Gidan Sauro

Mu mazauna Miga da sauran garuruwan fadamar Kogin Haɗeja mun san sauro farin sani. Mun kuma san cewa idan ya sauka a kan gidan sauro mai magani, yakan yi karkarwa ya faɗi. Amma mene ne maganin yake yi masa? Amsar tana cikin jijiyarsa, wadda take aiki kamar tamu.

Bari mu fara da jijiya. Jijiyar da ke kai saƙo doguwar ƙwayar halitta ce mai siririn tantani. A wajen tantanin akwai sodiyam da yawa, wato sinadarin da ke cikin gishiri, a ciki kuwa kaɗan ne. Sa'ad da jijiya take hutawa, ƙarfin lantarkin cikinta yana ƙasa da na waje da kimanin milibolt 70. A jikin tantanin akwai ƙananan ƙofofi da sodiyam ke bi, kuma canjin lantarki ne yake buɗe su.

Mu tuna da manomin rani. Yakan buɗe bakin kwami ruwa ya shiga, ya toshe, sa'an nan ya wuce na gaba. Haka jijiya take yi. Da zarar saƙo ya iso, ƙofofin farko sukan buɗe, sodiyam ya kwarara ciki, lantarkin ciki ya haura na waje da kimanin milibolt 30. Wannan canji shi ke buɗe ƙofofin da ke gaba. Cikin kashi ɗaya bisa 1,000 na daƙiƙa ƙofofin farko sun toshe kansu, fotasiyam ya fita ta tasa ƙofa, wurin ya koma yadda yake. Da yake ƙofar da ta toshe ba ta sake buɗewa nan take, saƙo ba ya komawa baya. A wasu jijiyoyinmu yana gudun mita 100 a daƙiƙa. Alan Hodgkin da Andrew Huxley na Ingila ne suka bayyana wannan tsari a 1952, aka ba su kyautar Nobel a 1963.

To, maganin gidan sauro, wanda ake kira fairetiroid, yakan manne wa ƙofar ya hana ta rufuwa. Sodiyam ya yi ta shiga, jijiya ta yi ta aika saƙo babu tsayawa, har jikin sauron ya shanye. Mu kuwa ƙofofinmu ba su kama maganin sosai, hantarmu kuma tana narkar da shi da sauri.

Sai dai akwai matsala a kusa da mu. A 2014 masu bincike daga Jami'ar Bayero ta Kano da abokan aikinsu na Ingila sun buga sakamakon gwajin sauron Auyo, maƙwabciyarmu, da na Bunkure a Jihar Kano. Sun tarar da yawancinsu suna ɗauke da wani canji na gado mai suna kdr. An gina ƙofar da tubala kusan 2,000, ɗaya tak ya canja, amma ya isa ya rage kamun maganin. Masu canjin sukan tsira su hayayyafa. Yawan feshin maganin ƙwari a gonaki yana ƙara musu dama, domin tsutsar sauro a ruwan gona take girma.

Ya ku ɗalibai, kada wannan ya sa mu yar da gidan sauro. Ko maganin ya yi rauni, ragar tana tare cizo, saboda haka mu ɗinke hujinta mu kwana ciki kullum. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da sabon gidan sauro mai magani biyu, wanda na biyun ba ta ƙofar sodiyam yake kisa ba. A gona kuma, mu tunasar da iyayenmu su auna maganin feshi bisa shawarar malamin gona.