Yaro Mai Tatata da Kwalbar Kananzir

Iyaye mata, daga fara rarrafe zuwa shekara 3, duk abin da yaro ya tsinta yana wasa, baki zai kai shi. Shi ya sa kananzir yake cikin gubar da ƙananan yara suka fi sha a gida, musamman lokacin zafi. Yawanci a gorar ruwa ko kwalbar lemo aka zuba shi, aka ajiye gefen risho. A wurin yaro mai jin ƙishirwa, ruwa ne.

Babban haɗarinsa a huhu yake. Ko ɗan kaɗan ya sarƙe yaro, yana iya kawo tari, numfashi sama-sama da zazzaɓi, wani lokaci sai bayan sa'o'i.

In yaro ya sha, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro, kada a ɗura masa manja ko madara, domin amai ne ke tura kananzir cikin huhu. A cire masa tufafin da suka jiƙe, a wanke shi da sabulu, a kawo shi sashen gaggawa na yara nan take, ko da ya ci gaba da wasansa.

A kulle kananzir inda hannunsa ba zai kai ba. Haka ma fiya-fiya, maganin ɓera, da ƙwayoyin ƙarin jini da ake ba ku wajen awo, don yaro kan ɗauke su alewa.